Jirgin Ƙasa a Tsakar Gida

  Gaisuwa ta musamman ga masu saurarenmu na Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, domin maganar yau ku ta fi shafa.

Yau hirarmu a kan tarkacen yara ce. Kowace uwa ta san shi. Kin tashi da safe kin ɗauki tsintsiya, sai ga marafan kwalba a bayan randa, ga gwangwanin madara an huda shi, ga guntayen kara da tsohuwar silifa an yayyanka. Ranki ya ɓaci, kin haɗa duka kin watsa a murhu ko a shara. Yaro ya dawo daga makarantar allo ya tarar motar da ya kwana uku yana haɗawa ta zama toka. Gobe ba zai sake yi a gabanki ba. Zai koma bayan gida ko bakin kasuwa, inda idonki ba ya kaiwa, ko kuma ya maƙale wa wayar yayansa har dare. To 'yar uwa, roƙona a yau shi ne ki ajiye tsintsiyar nan tukuna. Ki ba wasan wuri a cikin gidanki, ki kuma sa hannu a ciki. Shawarar da na kawo ita ce a tashi daga motar kara a koma jirgin ƙasa, da layinsa da tashoshinsa.

Za ki ce me ya kawo jirgi, mu da ba mu da layin dogo? Haka ne, tun da can jirgi bai biyo ta ƙasar Kazaure ba. Layin dogo ya iso Kano a 1911. Daga baya aka ja reshe daga Kano zuwa Nguru, wanda ya isa can a 1930, ya ratsa ta Ringim da Gagarawa da Malam Madori. Mu nan yankin, gyaɗarmu da fatunmu sai dai a kai su Kano a kan jakai da raƙuma, daga baya a manyan motoci. Amma a watan Fabrairu na 2021 aka aza harsashin sabon layi daga Kano zuwa Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, mai tsawon kimanin kilomita 284. Bisa tsarin aikin, daga Kano sai Dambatta, sai Kazaure, sai Daura, sai Mashi, sai Katsina, sai Jibiya, sannan Maraɗi. Ke nan yaran da ke rarrafe a gabanki yanzu za su tashi da jirgi a matsayin maƙwabci, abin da kakanninsu ba su saba da shi ba. Gara su fara saninsa a tsakar gida, a gaban uwarsu.

Wannan wasa fa a wasu ƙasashe har da manya ake yin sa. A Jamus, wani kamfani mai suna Märklin ya fito da ƙananan jirage masu tafiya a kan layin da ake harhaɗawa tun 1891. A can da Ingila da Amurka za ki ga uba da uwa da 'ya'ya sun ware ɗaki guda, suna gina gari sukutum a kan tebur, da gadoji da gonaki da tashoshi, shekara da shekaru suna ƙarawa. Awon da aka fi amfani da shi a duniya shi ne a rage komai sau 87, har mutum ya koma kamar tsawon gaɓar yatsa. A birnin Hambug wasu tagwaye maza suka buɗe irin wannan wuri a 2001, layin da ke ciki in an miƙe shi ya haura kilomita 15, mutane na biyan kuɗi su shiga kallo. Su da kuɗi suke sayen kayansu. Mu namu kayan suna nan a bayan ɗaki, kuma 'ya'yanmu sun riga sun iya sarrafa su.

Bari mu fara da tara kaya. Ki samo tsohon kwali ko tsohuwar kwalla ki ce wa yara nan ne ma'ajiyar jirgi. Duk abin da aka samo a wanke a sa a ciki: kwalin ashana, kwalin sukari, gwangwanin madara da na tumatir, bututun biro da ya ƙare, tsofaffin silifa, tsinkayen tsintsiya, guntun zare da ƙyallayen da suka rage a ɗinki. Da kaka, in an yi girbi, ki roƙi maigida ya ware miƙaƙƙen karan dawa dami ɗaya ƙarami. Ɓawon karan shi ne katakonku, totuwarsa kuma ita ce mahaɗi, kamar yadda yara ke yi a motar kara. Sharaɗin kwallar ɗaya ne: in an tashi daga wasa, komai ya koma cikinta. Kin ga shara ta ragu, faɗa ya ragu.

Sai wuri. Ki zaɓi gefen da awaki da kaji ba sa kaiwa, domin akuya ba ta san jirgi ba, kara kawai ta sani. Ƙarƙashin rumfa ya fi, saboda ruwan sama. In akwai tsohon ƙyaure ko falankin da ba a amfani da shi, a ɗora a kan duwatsu huɗu a yi ginin a kansa, gara ba za ta samu hanya da sauƙi ba, kuma ana iya ɗauke shi in an yi baƙi ko za a yi shanya.

Yanzu layin kansa. A nan ne darasin farko yake. Kara biyu za a jera, amma tazarar da ke tsakaninsu dole ta zama ɗaya daga farko har ƙarshe. A karya tsinke daidai tsawon kwalin ashana, a ce shi ne ma'auni, duk inda za a ɗaure sai an gwada da shi. A ƙarƙashi a gindaya gajerun kara, a ɗaure da zare, a danne da yumɓu. In an zo kwana, busasshen kara ba ya lanƙwasuwa, sai a samo ɗanyar tsumagiya a tanƙwara ta tun tana ɗanya, a bar ta ta bushe a haka. In yaro ya ce awon nan ya dame shi, ki gaya masa manya ma da shi suke aiki. Tsohon layin Kano zuwa Nguru faɗinsa milimita 1,067 ne, sabon na Maraɗi kuma 1,435, irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016. Saboda wannan bambanci, jirgin wancan ba ya hawa layin wannan. Ke da kike ƙirga zare a ɗinkin hula, kike auna gero da mudu, ba wanda zai koya miki muhimmancin awo. Ke ce ma za ki koya musu.

Ƙafar jirgi kuwa ta bambanta da tayar mota. Direban jirgi ba shi da sitiyari. Abin da ke riƙe jirgi a kan layi shi ne ƙirar ƙafar, wadda ke da leɓe ta ciki da ke hana ta zamewa. Ga yadda za ku kwaikwaya: a yanko da'ira biyu daga silifa, ɗaya ƙarama ɗaya ta ɗan fi ta, a haɗa su. Ƙaramar ta hau kan kara, babbar ta zauna ta cikin layi. A zura tsinke mai ƙwari ta cikin bututun biro, a soke ƙafa ɗaya a kowane gefe, a ɗaure bututun a ƙarƙashin kwali. Tarago ya samu. Kan jirgi a yi shi da gwangwani ko kwalin da ya fi girma, a haɗa taragu da zare, a ja da hannu. Na farko zai kauce, na biyu ma haka. Kada ki karɓe ki gyara masa. Ki tambaye shi, a ganinka me ya sa ya faɗi? Ki bar shi ya duba.

Daga nan sai gari. A rubuta sunayen tashoshi a guntun kwali a kafa bi da bi, daga Kano har Maraɗi. Mutanen Roni su samo tsakuwa su tayar da duwatsunsu. Na Kazaure su binne murfin kwano su zuba ruwa a ce dam ne. Na Gwiwa da Babura su ja hanyar mota daga garinsu zuwa tasha, su sa kasuwa da rumbuna da makaranta. A nan akwai riba taki ta kanki. Ke kina cikin gida, yaran su ne idonki a waje. Wanda ya raka babansa Kano ko Daura, in ya dawo ki zaunar da shi ki ce ya gina miki abin da ya gani, gada ce ko kwalbati. Ta haka ke kin ga hanya, shi kuma ya koyi lura da bayani.

Kada a ce wasan maza ne. Yarinyar da ta iya yi wa 'yar tsana ɗaki da gado ta iya gina tasha, kuma sau da yawa hannunta ya fi na yayanta natsuwa wajen ɗauri. In ta dawo daga makaranta ko daga talla, a ba ta nata aikin, a kira shi da sunanta. A gidan da ke da ɗaki biyu ko uku kuma, layi ɗaya za a yi, kada kowane ɗaki ya ja nasa. Wannan ya yi taragu, wancan ya yi gada, jirgi ba ya tafiya sai an haɗa. 'Yan uban da suka saba haɗa kai a kan kara tun suna ƙanana, da wuya ƙaramin abu ya raba su in sun girma. Maigida ma a ja shi ciki. Ranar Juma'a da yamma a ce ya zo ya buɗe sabuwar tasha. Yabon uba na minti biyar ya fi motar roba ta Sallah, wadda ba ta kwana uku sai ta karye.

Sai a kiyaye abubuwa kaɗan. Yankan gwangwani da riƙe reza aikin babba ne, kuma a danne bakin gwangwani da dutse kafin a ba yaro. In tsatsa ta yanke shi, a wanke da ruwa da sabulu a kai shi asibiti, saboda ciwon sarƙewar haƙora. Kada a taɓa gwangwani ko robar maganin feshi, ko an wanke. Kada a fasa tsohon batir. Marafan kwalba da ƙananan tsakuwa a nisanta su da mai rarrafe, domin komai baki yake kaiwa.

Abu mafi girma na bari a ƙarshe. A kan layin naku, ku yi wuri guda inda hanyar mutane ta tsallaka, ku sa tsinke a matsayin shinge. Duk lokacin da jirgi ya taho, a tsayar da mota, a tsayar da jaki, a tsayar da mai talla, sai ya wuce. A maimaita har ya zauna musu. Ki gaya musu jirgi ba ya kaucewa, kuma ba ya tsayawa nan take. Ƙarfe ne a kan ƙarfe, ga nauyi, in yana gudu yana iya cin kilomita guda ko fiye bayan an taka birki. Ba a zama a kan layi, ba a kiwo a kansa, ba a ɗora dutse ko ƙusa don a ga abin da zai faru, ba a jifan tarago, ba a tsallakawa da abin sauraro a kunne. Yaron Zariya ko na Kaduna ya tashi yana jin wannan gargaɗi. Namu sai mun koya musu, kuma rigakafi ya fi magani.

Ba na ce duk mai wasan kara zai zama injiniya ba, wannan na Allah ne. Amma makarantun suna kusa da mu. Ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu a Kazaure, ga Jami'ar Fasaha ta Tarayya a Babura da aka amince da kafa ta a 2021, ga Jami'ar Sufuri a Daura da aka aza harsashinta a 2019. Layi in ya zo yana buƙatar masu gyara da masu awo da masu kula da tasha. Ko dai 'ya'yanmu su yi, ko a kawo na wasu su yi muna kallo.

Saboda haka 'yar uwa, aikin wannan mako kaɗan ne. Ki nemo kwalla, ki kira yara ki gaya musu ta mece ce. Gobe in kin ga murfin kwalba a bayan randa, ki jefa shi ciki.

Nan za mu dakata. Allah ya raya mana zuri'a, ya shirya su, ya kare su a gida da hanya. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.