GIDAN RINA: WA KE RABA AIKI?

Jawabin da aka gabatar a taron ɗalibai 'yan asalin Tsanyawa, lokacin hutun ƙarshen zangon karatu



Sa'ad da aka ce mu zaɓi abin da za mu yi magana a kai, abokanmu sun zaci za mu ɗauko batun siyasa ko na kuɗin makaranta. Da suka ji mun ce rina, sai aka fashe da dariya, har wani ya ce da ma sun san a rina. Ba mu ga laifinsu ba, domin sanin da yawancinmu muka yi wa rina sanin tsoro ne. Da wuya a sami yaron da ya tashi a ƙasar Tsanyawa bai taɓa jifan gidanta a ƙarƙashin rumbu ko jikin azarar zaure ba, ya kwana da kumburarren ido. Amma kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa tsayawa suka tambayi kansu: a cikin wannan taron ƙwari, wa ke cewa wannan ta ɗebo ruwa, waccan ta kawo kayan gini, wata kuma ta tsaya ta gina? Wannan tambaya ce mu ke so mu bi sawunta yau.

Da farko, wajibi ne mu raba rina da zanzaro, don sau da yawa a kan haɗa su. Zanzaro magini ne na laka, kuma shi kaɗai ya ke aikinsa. Macen kan gina ɗaki a jikin bango, ta cusa gizo-gizo ko tsutsar da ta sumar da harbi, ta saka ƙwai, ta liƙe. Daga siririn ƙugunsa ne muka aro sunan cusa riga cikin wando, abin da yayyenmu na ofis suka fi mu ƙwarewa a kai. Ita kuwa rina a taro ta ke zaune. Irin wadda muka fi gani a nan, mai dogon ƙugu da launin ja mai duhu, masana na kiran danginta Belonogaster, kuma wani Bafaranshe mai suna Émile Roubaud ya wallafa bincike a kan rayuwarsu a Afirka tun 1916. Kusan dukan waɗanda mu ke gani a jikin gidan mata ne. Mazan ba su da ƙari, ba su harbi, ba su kuma gini.

Abin da rina ke gini da shi takarda ce. Takan sauka a kan busasshen itace ko kara, ta jiƙa shi da ruwan da ta ɗebo a cikinta, ta kankare zarensa da baki, ta tauna har ya zama curi. A gida sai ta shimfiɗa curin a bakin ɗaki, ta ja shi har ya yi siriri, ya bushe. A 1719 wani masani ɗan Faransa, Réaumur, ya lura da wannan, ya ba da shawara cewa mutane ma za su iya yin takarda da itace maimakon tsumma. Sai da aka yi fiye da shekara ɗari kafin masana'antu su kama hanyar. Watau takardar da mu ke rubuta jarrabawa a kai, rina ta riga mu sanin asirinta.

To, don mu fahimci rabon aikin, sai mu tuna yadda a ke ginin ƙasa a ƙauyukanmu da rani. Akwai masu ɗebo ruwa daga rijiya ko kududdufi, akwai masu kwaɓa ƙasa su miƙa, akwai magini a kan bango. In ruwa ya yanke, kwaɓi ya tsaya. In kwaɓi ya tsaya, magini ya zauna yana hamma. In kuwa aka cika ruwa fiye da bukata, wahalar banza aka sha. Ginin rina ma ƙafa uku gare shi: ruwa, da curin takarda, da gini. Bambancin shi ne mu muna da magini mai buɗe baki ya ce a ƙaro ko a dakata.

A ƙananan gidaje irin na rinar da ke nan, inda mazauna ba su cika wuce gommai ba, galibi ƙwaro guda ne ke bin matakan duka: ta sha ruwa, ta je ta kankaro, ta dawo ta gina. Akwai uwar gida wadda ta fi kowa saka ƙwai, ta kuma fi zama a gida, na ƙasa da ita su ne suka fi fita. Wani masani ɗan Italiya, Leo Pardi, shi ya fara bayyana wannan jerin girma tsakanin matan rina a shekarun 1940. Amma girman uwar gida girman haihuwa ne, ba ta rarraba aiki da safe kamar shugaban leburori.

Inda al'amarin ya fi ban mamaki shi ne a manyan gidaje. Wani malamin Jami'ar Wisconsin ta Amurka, Robert Jeanne, ya yi nazarin wata ƙaramar rina mai suna Polybia occidentalis a ƙasar Kosta Rika, wadda gidanta kan ƙunshi ɗaruruwa har dubbai, ya wallafa abin da ya gano a 1986. Ya kan ɗiga wa ƙwarin fenti don ya gane kowace, sa'an nan ya ɓarke wani sashe na gidan ya zauna yana kallon gyara. Sai ya tarar sun kasu uku. Masu ɗebo ruwa sukan kawo su ɗura wa 'yan'uwansu baki da baki. Mai kankaro itace ba ta tashi sai ta karɓi ruwa a gida, kuma in ta dawo, curin da ta ɗauko ya fi ƙarfin magina guda, sai an rarraba shi. Su kuma magina ba su barin gida. Amfanin wannan tsari a bayyane ya ke. Tun da kowace mai fita tana dawowa da cikakken kaya, yawan tafiye-tafiye ya ragu, kuma kaɗan ne ke shiga hatsarin tsuntsaye da ƙadangaru a waje. Amma yana da tsadarsa, watau jira. Mai kaya dole ta nemi mai karɓa. Jeanne ya ga a ƙananan taro jiran ya fi tsawo, har aikin da babban taro zai gama ya kan ci ƙaramin taro kusan ninki biyu na lokacin ma'aikata. Daga nan mu ke gane abin da ya sa rinarmu mai ƙaramin gida ba ta bi wannan hanya ba. Gayya tana bukatar jama'a.

Saura babbar tambayar: wa ke daidaita yawan kowane rukuni? A binciken da ya wallafa a 1996, Jeanne ya riƙa gwada su. In ya ƙara musu curi, masu kankarowa sukan rage fita. In ya jiƙa gidan, masu ɗebo ruwa sukan sassauta. In ya kwashe wasu ma'aikata, waɗanda ke zaune ba su komai sukan tashi su maye gurbinsu. Abin da ya fito fili shi ne, girman ɓarnar da ke jikin gida ita ke tayar da magina. Mai kawo curi kuwa, in aka yi wawar kayanta nan take, ta san ana bukata, sai ta sake fita da sauri. In ta yi ta yawo babu mai karɓa, sai ta huta. Haka mai ruwa. Watau kaya na tafiya daga daji zuwa bango, labari kuma na komawa daga bango zuwa daji, kuma tsawon jira shi ne manzon da ke ɗauke da shi. Duk mai tallar nono ta san wannan karatu, don saurin ƙarewar ƙwarya yau shi ke faɗa mata yawan da za ta ɗauko gobe.

Wasu masana biyu, István Karsai da John Wenzel, sun ƙara haske a shekara ta 2000 da nazarin rinar Metapolybia a Fanama. Sun lura cewa waɗanda mu ke gani zaune kamar malalata a gefen gida suna riƙe da ruwa a cikinsu, suna karɓa suna bayarwa. Jimillarsu ta zama kamar randar gida. In randa ta cika, karɓar ruwa ya yi sauƙi, bayarwa ta yi wuya, sai aiki ya karkata ga kankaro itace da gini. In ta yi ƙasa, sai masu ɗebo ruwa su ƙaru. Bugu da ƙari, shekaru ma suna da nasu rabo. A Bangalor ta ƙasar Indiya, Raghavendra Gadagkar da ɗalibansa sun nuna cewa a gidan rinar Ropalidia marginata, ƙanana kan fara da ciyar da tsutsotsin gida, sa'an nan gini, sa'an nan kawo curi, daga ƙarshe farautar abinci. Aikin da ya fi hatsari na waɗanda kwanansu ya ja ne.

Jama'a, ba mu zo nan don mu ce mutane su zama rina ba. Mazauna gidan rina yawanci uwa ce da 'ya'yanta da 'yan'uwanta, ba su da albashi, ba su da ra'ayi. Mutum kuwa yana da hankali da haƙƙi, kuma shugabanci wajibi ne gare shi. Duk da haka akwai abu biyu da ya kamata mu tafi da su gida.

Na farko ya shafi gona. Ƙasarmu cike ta ke da jama'a, gona na jingine da gona, ba a barin fili ya huta, saboda haka kowane dami yana da daraja. Rina tana ciyar da 'ya'yanta da tsutsotsin da ta kamo ta tauna, kuma da yawansu masu cin ganyen amfanin gona ne. Tun 2016 aka fara ganin baƙuwar tsutsar nan mai cin zuciyar masara a Nijeriya, wadda ta fito daga nahiyar Amurka, kuma tana taɓa dawa. A 2019 aka wallafa wani gwaji da aka yi a Birazil wanda ya nuna rinar can tana rage wannan tsutsa da ɓarnarta a kan masara. Gidan rina da ke ɗakin kwana ko inda yara ke wasa, dole a kawar da shi, kuma wanda harbi ya sa shi sarƙewar numfashi a garzaya da shi asibiti. Amma wanda ke kan bishiya a gefen gona, mene ne dalilin cinna masa wuta? Ma'aikata ne da ba su neman ko kwabo.

Na biyu ya shafi mu da za mu fita mu kama aiki, da yayyenmu da suka riga mu. A gidan rina, jira labari ne da a ke aiki da shi nan take. Mu kuwa mun saba ganin manomi ya baro ƙauye da asuba, ya yini a layin taki ko bakin ofis, ya koma hannu wofi, ba wanda ya ɗauki tsayuwarsa a matsayin saƙo. Dogon layi yana cewa an ajiye ma'aikata a inda ba a bukatarsu, an bar inda a ke bukata. Ma'aikacin kirki ba ya jiran takarda daga hedkwata kafin ya karanta abin da ke gaban teburinsa.

Daga ƙarshe muna roƙon 'yan'uwa ɗalibai, musamman masu karatun kimiyya, kafin hutun nan ya ƙare kowa ya nemi gidan rina, ya zauna nesa kaɗan da littafi da agogo, ba tare da ya taɓa shi ba. Ya rubuta wadda ta fita, da abin da ta kawo, da wadda ta karɓa. Waɗancan masana da muka ambata ba su fara da abin da ya wuce wannan ba, kuma rumbunan Tsanyawa ba su rasa rina.

 Allah ya ba mu damina mai albarka.