Littafin Da Mai Shi Ya Yarda Ka Kwafa

Ga jawabin da wani tsohon malamin makaranta ya yi a gaban malamai da iyayen yara a Kubwa, cikin Yankin Babban Birnin Tarayya. Mun kawo shi ne domin 'yan'uwanmu mazauna Ikko, Badun, Anaca da Fatakwal, gama maganar ta shafe su ƙwarai.



Yawancinmu a nan Kubwa baƙi ne. Wani daga Kano ya zo, wani daga Katsina, wani daga Sakkwato, neman abinci ya tara mu a ƙasar Gbagyi. Halinmu ɗaya ne da na 'yan'uwanmu na Agege da Idi-Araba da Sabon Badun. 'Ya'yanmu suna jin Hausa a gida, amma da yawansu ba su iya karanta ta ba. In ka tambayi malami dalili, sai ya ce babu littattafai. In ma akwai, to, da tsada. Malamin da ya sami guda ɗaya ya kai shi shago aka buga masa kofe arba'in na littafin dungum, ba da izinin mai shi ba, lalle ya taka doka.

Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta kare littafi duk tsawon ran marubucinsa, da kuma shekara 70 bayan rasuwarsa. Alhaji Abubakar Imam ya rasu a 1981, saboda haka har yanzu Magana Jari Ce yana ƙarƙashin kariya. Ba na kushe wannan doka, domin gumin marubuci ba abin banza ba ne. Abin da na zo in faɗa shi ne, akwai wata ƙofa ta halal wadda da yawanmu ba mu san da ita ba.

Ku tuna yadda ilmi ya yaɗu a ƙasarmu tun kafin zuwan injin ɗab'i. Littattafan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da na Malam Abdullahi da na Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, da hannu almajirai suka riƙa kwafarsu daga gari zuwa gari. Mai kwafa ba ya goge sunan mai littafi, yakan ma ƙara nasa a ƙarshe. Malami kuwa yakan yi sharhi a gefen takarda, ya fassara wa ɗalibansa da Hausa ko Fulatanci. Watau kwafa, da fassara, da riƙe sunan mai aiki, duk gadonmu ne.

To, wannan ɗabi'a ce aka sa wa rigar doka a zamanin nan. A 2001 aka kafa ƙungiyar Creative Commons a Amurka, a 2002 ta fitar da lasisinta na farko. Marubuci ba ya rasa mallakar littafinsa, sai dai ya rubuta a jikinsa cewa kowa na iya amfani da shi bisa sharaɗi. Sharuɗɗan huɗu ne, kowanne da haruffansa. BY na nufin ka ambaci sunan mai aikin. SA na nufin in ka sauya wani abu, ka saki naka bisa irin wannan izini. NC na nufin ban da kasuwanci. ND kuwa na nufin ka raba shi yadda yake, kada ka sauya, kada ka fassara. A Nuwamba 2019 ƙasashen hukumar UNESCO, har da Nijeriya, suka amince da shawarar ƙarfafa irin waɗannan kayan koyarwa.

Kada ku ɗauka labarin Turawa ne kawai. Cibiyar Saide ta Afirka ta Kudu ta buɗe shafin African Storybook a 2014, inda ake samun littattafan yara masu hotuna cikin harsunan Afirka da dama, har da Hausa. Malami na iya sauke littafi ta waya, ya buga, ya fassara wanda ba a fassara ba. Yana iya sauya sunan gari ko na abinci, don yaron da ya tashi a Mile 12 ya ga duniyarsa a ciki. Haka nan Wikipedia ta Hausa, bisa sharaɗin BY da SA take tafiya. A Jabi, nan kusa da mu, ga hedkwatar Jami'ar NOUN ta karatu daga gida, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, aka farfaɗo da ita a 2002. Littattafan darussanta suna intanet, ɗan kasuwar da ke Anaca na iya sauke su ba ko kwabo.

Sai dai ina jan kunnenmu. Ba duk abin da ka tsinta kyauta ne aka yarda ka sauya ba. Littafin da aka turo maka ta WhatsApp, yawanci na wani ne aka ɗauka ba da saninsa ba. Ka duba shafin farko ko na ƙarshe, ka ga alamar lasisi tukuna. In ka fassara, ka rubuta sunan marubuci, da na mai zane, da naka. Kuma ka kai wa wanda ya fi ka sani ya duba, domin kuskure a littafin yara guba ne.

Daga ƙarshe, 'yan'uwa, kada mu zama masu ɗiba kaɗai. Malamai nawa ne a cikinmu suke da darussan da suka rubuta shekara da shekaru, suna kwance cikin akwati gara na ci? Ku fito da su, a buga, a sa musu lasisin BY, a aika wa makarantunmu na Kurmi. Sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwa na can su ɗauki nauyin takarda da tawada. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Allah ya raya mana zuriya, ya ba su ilmi mai amfani.