Kowane Yaro Ya Iya Karatu Da Lissafi Kafin Ya Bar Aji Uku

Jawabin ɗan takararmu na gwamna ga taron iyayen yara da malaman firamare

Iyayena dattawa, malamai, iyaye mata da 'yan'uwana matasa, na gode da kuka bar gonakinku da kasuwanninku kuka zo. Allah ya saka da alheri. Maganar 'ya'yanmu ce ta tara mu yau.

Kwanan baya na shiga wata makarantar firamare a wani ƙauye. Ba zan faɗi sunanta ba, don ba tonon asiri na zo yi ba. Na shiga aji biyar, na ɗauki alli na rubuta: "Audu ya je kasuwa ya sayo gero." Na ce wa zai karanta? Jama'a, hannuwan da suka tashi ba su cika yatsun hannuna ɗaya ba. Na sake rubuta 1000, na ce a ɗebe 300. Wata yarinya ta fito ta yi tsaye da alli har ƙwalla ta cika mata ido.

Da aka tashi, sai ga yarinyar nan a bakin hanya da farantin gyaɗa. Na sayi ta naira ɗari uku, na miƙa mata dubu. Wallahi kafin in rufe aljihu ta ba ni canjin ɗari bakwai. To, ku gaya mini, wannan daƙiƙiya ce? Lissafin yana kanta. Mu manya ne muka kasa koya mata yadda za ta sa shi a takarda.

A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe shirin UPE, ilmin firamare kyauta ga kowa. A 1999 aka ƙaddamar da UBE a Sakkwato, aka yi masa doka a 2004. An gina azuzuwa, an rubuta sunayen yara, madalla. Amma an manta a tambaya: shin yaron da ya shiga ya fito da karatu? A 2022 Bankin Duniya ya ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa, yara 7 cikin 10 masu shekara goma ba su iya karanta ɗan gajeren labari su gane shi. A Afirka kudu da Sahara kuwa kusan 9 ne cikin 10. Namu suna ciki.

Me ya jawo haka? Na farko, yaro ya tashi da Hausa a gida, ranar da ya shiga aji ɗaya sai a tare shi da Turanci, ya riƙa maimaitawa kamar aku. Na biyu, malam yana bin manhaja a guje don ya gama kafin hutu, wanda bai san baƙi da wasali ba an bar shi a baya, kuma shekara ta zagayo a ciyar da shi gaba. Na uku, yara ɗari a aji, littafi guda a hannun malam. Na huɗu, malamin da albashinsa ya makara, hankalinsa yana kan tukunyar gidansa.

Wannan cuta tana da magani, kuma an gwada shi. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya fara gwaji a Ile-Ife, aka koyar da yara da Yarbanci shekara shida, Turanci yana matsayin darasi guda. Yaran suka yi fice, Turancin ma ba a bar su a baya ba. A Indiya, ƙungiyar Pratham ta fito da wata dabara: a gwada kowane yaro, a raba su rukuni-rukuni bisa abin da suka iya, masu koyon baƙaƙe daban, masu haɗa kalma daban, masu karanta labari daban, kowa a ɗauko shi daga inda ya tsaya. Masanan da suka auna amfanin wannan dabara, Abhijit Banerjee da Esther Duflo, suna cikin ukun da aka ba kyautar Nobel a 2019. An gwada ta a Kano, a Wudil da Dawakin Tofa. A Bauchi da Sakkwato kuma an koyar da 'yan ƙananan azuzuwa da littattafan Mu Karanta. Gani ya kori ji.

Saboda haka, in kun ba jam'iyyarmu ƙuri'unku, ga alkawarinmu, ku riƙe:

1. Daga aji ɗaya zuwa uku, yaro zai fara koyon karatu da harshen da yake ji, a koya masa Turanci sannu a hankali.

2. Kowace rana za a ware awa ɗaya ta karatu, awa ɗaya ta lissafi, a raba yara bisa abin da suka iya. A ƙirga da tsakuwa da kara da marfin kwalba kafin a hau allo.

3. Kowane yaro da littafin karatunsa da na lissafinsa, ya tafi da su gida.

4. Malaman da suka fi ƙwarewa su za a ba aji ɗaya. Za a horar da su, mai duba makarantu ya riƙa zuwa ya zauna a ajinsu ya taimaka, albashi kuma ya fita kan lokaci.

5. Dokar 2004 ta ware wa ilmin tushe kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya, amma sai jiha ta ajiye nata kason kafin a sakar mata. Za mu ajiye namu kowace shekara, ba za mu bar kuɗin 'ya'yanku kwance a Abuja ba.

6. Ƙarshen kowace shekara za a gwada 'yan aji uku, a karanta sakamakon kowace makaranta a gaban iyaye da mai unguwa.

Iyaye, ku ma da naku aikin. Yau da dare, bayan sallar isha'i, kira ɗanka ka ba shi wannan takarda ya karanta maka layi biyu. In kai ba ka yi boko ba, nemo maƙwabci ya saurara. Uwa, a bar yarinya ta je makaranta da safe, talla ya jira la'asar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Malamai, ba laifinku na zo gani ba. Kun yi haƙuri da yawa. Ku ba mu hannu, mu ba ku kayan aiki.

Ranar zaɓe ku fito da wuri, maza da mata, da katinku a hannu. Bayan shekara huɗu kada ku tambaye ni azuzuwa nawa na yi wa fenti. Ku kawo mini ɗan aji uku daga ƙauyen da kuka ga dama, ku ba shi littafi a gabana. In ya kasa, ku hana ni ƙuri'a.

Allah ya raya mana zuri'a, ya ba mu zaɓe lafiya. Wassalamu alaikum.