Katin Zane: Wanne Za Mu Saya, Kuma Don Me?



An ɗora mana nauyin yin magana a kan wani ɗan ƙarfe da bai fi tsawon kamu ɗaya ko ɗaya da rabi ba, amma kuɗinsa kan kai abin da ɗayanmu zai ci ya sha a zango guda na karatu, wani lokaci ma ya zarce. Wannan ƙarfe shi ne katin zane, wanda ake sokawa a cikin kwamfuta don ya ɗauke mata wahalar zana hoto. 'Yan sashen zanen gine-gine da na injiniya da masu haɗa fim sun san shi, haka kuma waɗanda aikinsu na shekarar ƙarshe ya shafi koya wa na'ura gane hoto ko harshe. Galibi kuɗin daga aljihun iyaye yake fitowa, ko daga guzurin da aka daɗe ana ƙullewa, kuma idan aka yi kuskuren saye babu wanda zai sake ba mu.

Ya kamata mu fara rarrabe abu biyu da kasuwa ke cakuɗa mana. Kamfanoni uku ne suke tsara ƙwaƙwalwar da ke tsakiyar katin. Akwai Nvidia ta Amurka, wadda aka kafa a 1993, mai GeForce. Akwai AMD mai Radeon, wadda ta shigo wannan fage sosai bayan ta sayi kamfanin ATI na Kanada a 2006. Sai Intel, wadda ta fito da katinta mai suna Arc a 2022. Sunayen da muke gani da manyan baƙaƙe a jikin kwali kuwa, irin su Asus da MSI da Gigabyte da Zotac da Sapphire, na masu harhaɗawa ne: su sayo ƙwaƙwalwar, su ɗora ta a kan allonsu, su sa mata fanka da ƙarfen sanyaya. Saboda haka RTX 4060 na Asus da na Zotac ƙwaƙwalwarsu ɗaya ce, saurinsu kuma kusan ɗaya. Bambancin yana wajen sanyaya da ƙarar fanka da garanti. Wanda ya ƙara kuɗi masu yawa don fitilu masu launi a jikin kati, ado ya saya.

To, wanne daga cikin ukun? Amsar tana hannun manhajar da za mu yi aiki da ita. Tun wajen 2007 Nvidia ta saki wani tsari mai suna CUDA, wanda ya ba masu bincike damar sa katin zane ya yi lissafin da ba na zane ba. A 2012 masu bincike a Jami'ar Toranto suka horar da AlexNet a kan katin GTX 580 guda biyu, suka yi zarra a gasar gane hotuna, kuma tun daga nan mafi yawan kayan aikin wannan fanni aka gina su a kan CUDA. AMD tana da nata tsarin, ROCm, kuma ya samu ci gaba, amma ɗalibin da ke da wata uku ya miƙa aikinsa ba shi da lokacin kokawa da manhajar da ta ƙi tashi. Irin wannan ɗalibi, a ganinmu, Nvidia ce tasa, ko da ransa bai so farashin ba. Wanda kuwa bukatarsa wasa ce da zane na yau da kullum, sau da yawa AMD kan ba shi ƙarfi ko ma'adana mafi yawa a kuɗi ɗaya. Intel ma ba abin rainawa ba ce: katinta B580 na ƙarshen 2024 ya fito da giga 12 a kan dala 249, sai dai ba ya sakin jiki a tsohuwar kwamfuta.

Yanzu mu zo kan abin da ya fi cutar masu saye, wato suna da lamba. Muna da al'adar ɗauka cewa babbar lamba ita ce babban kati, kuma suna ɗaya kaya ɗaya ne. Duka biyun ba su tabbata ba. A lambar Nvidia, baƙaƙe biyun farko zamani suke nunawa, biyun ƙarshe kuma matsayi. Don haka 3080 na 2020 ya fi 4060 na 2023 ƙarfi nesa ba kusa ba, ko da yake 4060 ne ƙarami a shekaru, babba a lamba. Batun suna ɗaya kuwa ya fi wannan muni. GTX 1060 ya zo iri biyu, mai giga 3 da mai giga 6, kuma ba ma'adana kaɗai aka rage wa na farkon ba, har da injinan lissafinsa: 1152 maimakon 1280. GT 1030, wanda ya cika shagunanmu saboda araharsa, akwai mai ma'adanar GDDR5 akwai mai DDR4, na biyun kuwa a wasu ayyuka da kyar yake kai rabin saurin na farko, alhali sunan da ke kwali ɗaya ne. RX 580 da aka rubuta wa 2048SP, wanda aka yi don kasuwar Sin, a yawan injinansa RX 570 ne aka sauya wa riga. Ko manyan kamfanonin an sha kama su. GTX 970 an tallata shi da giga 4, daga baya aka gano rabin giga daga ciki yana tafiyar hawainiya, har magana ta kai kotu a Amurka, aka sasanta a 2016 a kan biyan masu saye dala 30 kowanne. A 2022 kuma Nvidia ta janye wani kati da ta sa wa suna RTX 4080 mai giga 12 bayan jama'a sun yi ca, ta dawo da shi da sunan 4070 Ti. Masu kwamfutar tafi-da-gidanka su ma su lura: RTX 4090 na cikinta ba shi ne na kan tebur ba, ƙwaƙwalwarsa irin ta 4080 ce.

Ma'adanar katin ta cancanci mu tsaya a kanta. Ita ce faifan da katin ke shimfiɗa aikinsa a kai. Idan kati ba shi da sauri, aiki zai ɗauki lokaci amma zai ƙare. Idan ma'adana ta cika kuwa, wasu ayyukan tsayawa suke cik. Wannan ne ya sa RTX 3060 na 2021 mai giga 12 ya fi dacewa da mai horar da na'ura ko mai zana babban gini a Blender fiye da RTX 4060 mai giga 8, duk da cewa na biyun ya ɗan fi shi sauri. Amma a nan ma a buɗe ido, domin akwai 3060 mai giga 8 da aka fitar daga baya, kuma katunan 2025 irin su RTX 5060 Ti da RX 9060 XT kowannensu ya zo da mai giga 8 da mai giga 16.

Masu sharhi na Turai da Amurka ba su cika damuwa da wuta ba, mu kuwa ba mu da wannan gata. RTX 4060 yana jan wat 115, 3060 yana jan 170, tsohon RX 580 yana jan 185, RTX 4090 kuwa 450. Mu ɗauki farashin da aka sanya wa rukunin A a watan Afrilu na 2024, naira 225 kowane yunit. Kati mai wat 450 idan ya yi awa 8 yana aiki tuƙuru ya sha yunit 3.6, wato naira 810 a yini, shi kaɗai ban da sauran kwamfutar. Mai wat 115 bai kai yunit ɗaya ba. Wanda ke kan ƙaramar inbata ko ɗan janareta ya san abin da wannan bambanci ke nufi tun kafin a yi masa lissafi. Sannan ramin da ake soka katin wat 75 kaɗai yake bayarwa, sauran sai ta waya daga akwatin wutar kwamfuta. Yawancin tsoffin kwamfutocin ofis da ake kawo mana na hannu akwatin wutarsu ƙarami ne, ba shi ma da wannan waya, cikinsu kuma matsattse ne. Mutum ya auna tsawon wurin, ya karanta abin da ke rubuce a jikin akwatin wutar, kafin ya taka zuwa kasuwa. Akwatin wuta marar asali kuwa yana iya ƙone katin da ya ninka shi kuɗi sau goma.

Ga zafi, ga ƙura. A watan Afrilu ɗakunan kwananmu tanderu ne, da hunturu kuma ƙura na toshe ƙarfen sanyaya cikin 'yan makonni. Kati idan ya yi zafi da kansa yake rage gudu. A nan ne kaɗai muke ganin ƙarin kuɗi a kan mai harhaɗawa yana da hujja: mai fanka biyu da ƙarfe mai kauri ya fi mai fanka ɗaya lafiya a ƙasarmu.

Mun san yawancinmu na hannu za mu saya, ko a titin Beirut a Kano, ko Banex a Abuja, ko mu aika Ikeja. Babu aibi a cikin haka. Sai dai a sani cewa a watan Satumba na 2022 tsarin Ethereum ya daina amfani da haƙa, katunan da suka shekara suna aiki dare da rana suka malalo kasuwannin duniya. Wasunsu lafiya lau suke, wasu fankarsu ta gaji, man sanyayarsu ya bushe. Akwai kuma tsofaffin katuna da ake sauya wa bayanin ciki su riƙa kiran kansu da sunan da ba nasu ba. Ba a cinikin biri a sama. A sa mai shago ya soka katin a gabanmu, a buɗe manhajar GPU-Z, wadda kyauta ce, a duba sunan ƙwaƙwalwar da yawan injinanta da irin ma'adanar, a gwada su da abin da kamfanin ya wallafa. Daga nan a ɗora masa aiki mai nauyi da FurMark na minti 20 ko 30, ana kallon zafinsa, ana sauraron fanka, ana lura ko ɗige-ɗige ko layuka za su bayyana a fuskar allo. A gwada kowace kafar da ake jona allo. Idan hali ya yi, a zo da ainihin fayil ɗin aikinmu a filashi a buɗe shi a wurin. Kwanakin gwaji da mai shago ya yi alkawari kuma a rubuta su a rasit, tare da lambar da ke jikin katin.

Malam Shugaba, a nan za mu dakata don a samu lokacin tambayoyi.