Da Wa Za Ka Gwada Kamfanin Fanshonka? Jawabi a Taron Reshe

 

An ba ni 'yan mintoci in yi magana a kan kuɗin da ake yanka daga albashin waɗanda ke cikin tsarin fansho na karo-karo. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya ba da kashi 8 cikin ɗari, wanda ya ɗauke shi aiki ya ƙara kashi 10, kamfanin fansho kuma ya juya kuɗin. Tun watan Nuwamba na 2020 Hukumar Fansho ta Ƙasa, wato PenCom, ta ba kowa damar sauya kamfani sau ɗaya a shekara. Daga nan ne wakilan kamfanoni suka san hanyar ɗakin malamai, kowa na cewa nasa ya fi riba. Idan wani ya faɗa muku haka, ku tambaye shi: ya fi wa, a wane asusu, cikin shekara nawa?

Mu malamai ba ma haɗa sakamakon ɗan aji uku da na ɗan aji shida mu fitar da na ɗaya. Haka abin yake a nan, domin tun 2018 kowane kamfani yana da asusu hawa-hawa. Asusu na Biyu shi ne inda ake sa wanda bai kai shekara 50 ba. Na Uku na wanda ya kai 50 ne, na Huɗu na 'yan ritaya. Na Ɗaya kuwa sai mutum ya nema da kansa. Abin da ya raba su shi ne yawan kuɗin da aka yarda a zuba a jarin da ke hawa da sauka, irin su hannayen jarin kamfanoni. A ƙa'idar da aka fara da ita, iyakar na Ɗaya kashi 75 ce, na Biyu 55, na Uku 20, na Huɗu 10. Saboda haka a shekarar da kasuwar hannayen jari ta yi kyau, Asusu na Ɗaya na kowane kamfani zai iya tsere wa Asusu na Uku na kamfanin da ya fi kowa iya aiki. Wakilin da ya nuna wa malama mai shekara 53 ribar Asusu na Ɗaya ya nuna mata tuwon da ba da ita aka tuƙa ba.

Kada kuma ku auna da jimillar da ke takardar bayanin asusunku, don tana ƙaruwa ne har da abin da aka yanka muku. Kuɗin kowane asusu an raba shi kaso-kaso, kowane kaso da farashinsa, kamfanoni kuma suna wallafa wannan farashi. Ku ɗauki na yau da na shekara uku ko biyar da suka wuce, ku fitar da ƙarin, ku yi wa kamfanoni huɗu ko biyar haka a asusu iri ɗaya. Malaman lissafi suna nan, aikin rabin awa ne. Shekara ɗaya ba ta isa shaida ba. Ko rago yakan ci jarrabawa ɗaya.

Za ku tarar sakamakon yana kusa da juna, domin fiye da rabin kuɗin fanshon ƙasar nan bashi aka ba Gwamnatin Tarayya ta hanyar takardun lamuninta. Amma kada ku raina tazarar. Naira miliyan ɗaya da ke ƙaruwa da kashi 12 a shekara za ta kai kimanin miliyan 9.6 bayan shekara 20. Da kashi 14, miliyan 13.7 ce. Dokar 2022 ta kai ritayar malamai shekara 65 ko shekara 40 ta aiki, don haka a inda aka aiwatar da ita wannan tazara tana da lokacin da za ta yi girma.

Akwai abokin gwaji da wakilai ba sa son a ambata, shi ne tsadar kaya. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a Disamban 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8. A ce asusunka ya ƙaru da kashi 18 a irin wannan shekara: lambar ta hau, amma buhunan masarar da za ta saya sun ragu. Ni a ganina, wannan ne ya kamata ƙungiyarmu ta riƙa ɗaga murya a kai, don sauya kamfani kaɗai ba zai magance shi ba.

Ga masu gudun kuɗin ruwa, tun 2021 akwai Asusu na Shida, wanda ke zuba jari a Sukuk da makamantansa. Shi ma da takwaransa na wani kamfani za a gwada shi.

Wanda ya gama lissafinsa ya yanke shawarar sauyawa, sabon kamfanin zai tunkara, bayan ya sabunta bayanansa da lambar NIN a wurin tsohon. Ba a biyan ko kwabo. Ina roƙon Shugaba ya naɗa mutum uku su tattaro mana farashin kason kowane kamfani da membobinmu ke ciki, a kafe a allon ofishin reshe kafin taro na gaba.