Saniya mai tari: jawabi ga makiyaya kan ciwon huhu



Mutum in ya yi tari sai ya tofar da kaki, kowa ya gani. Saniya kuwa haɗiye nata takan yi. Don haka kada ku tsaya jiran ganin kaki a ƙasa. Ku je garke da asuba, ku tada shanun, ku ɗan kora su. Wadda ta tsaya baya tana tari, ta miƙe wuya, ta buɗe ƙafafun gaba, tana nishi, majina da kumfa na zuba, to a yi zaton ciwon huhu ne.

Ta numfashi yake yaɗuwa, wurin da shanu sunka matsu: bakin rijiya, tabki, kasuwa. Yakan yi sati 3 har wata 6 cikin jiki kafin ya fito. Kun ga ke nan sa mai ƙiba da anka sayo kasuwa yana iya shigo da shi. Ku ware baƙon bisa tukuna.

Abin da ya fi damuna shi ne allurar kasuwa. A sayi Terramycine a soka, tari ya lafa, a ce ta warke. Ina! Sau da yawa ƙwayar cutar tana nan ƙunshe cikin huhu, watanni tana harbin sauran. Mahauta sun san shi: ruwa rawaya cikin ƙirji, huhu ya yi tauri ya manne da haƙarƙari.

Bushiya an gama da ita a duniya tun 2011. Ciwon huhu yana nan. Rigakafinsa, wanda LABOCEL ke yi a Yamai, ba ya wuce shekara guda yana aiki, shi ya sa muke dawowa kowace shekara. Ku kawo garke duka, ba rabi ba. Wadda ta kamu a ware ta, a ba ta ruwa daban, a gaya ma likitan bisashe ran nan.

Wannan ciwo ba ya kama mutum. Amma tarin fuka na shanu yana kamawa, musamman ta ɗanyar madara, sai a tafasa ta. Makiyayin da ya wuce sati 2 yana tari da kaki, balle da jini, ya tafi likita a auna kakin.