Kama da Wane Ba Ta Wane: Yadda Masana Ke Rarraba Halittu

Hausawa kan ce kama da wane ba ta wane. Masana kimiyya sun daɗe suna fama kafin su ga gaskiyar wannan magana wajen rarraba halittu masu rai.

A zamanin da, ido ne ma'auni. Tun ƙarni na 4 kafin haihuwar Annabi Isa, Aristotal na ƙasar Girka ya kasa dabbobi gida biyu, watau masu jini da marasa jini. A shekarar 1735 wani masani ɗan ƙasar Suwidin, Karl Liniyas, ya tsara halittu daki-daki, daga babban rukuni zuwa ƙarami. Daga baya ya ba kowace halitta suna biyu da Latananci, na dangi da na kanta. Itacen kuka ya kira shi Adansonia digitata, don girmama Adanson, Bafaranshen da ya yi nazarinsa a Sanagal.

Amma ido yakan ruɗi mai shi. Liniyas kansa da farko cikin kifaye ya sa ƙatuwar dabbar tekun nan da ake kira wel, sai a 1758 ya mai da ita cikin dabbobi masu shayarwa. Da Darwin na Ingila ya fid da littafinsa a 1859, sai masana suka soma rarraba halittu bisa nasaba.

Binciken ƙananan halittu ya daɗa sauya tsarin. A 1969 Robert Whittaker na Amurka ya kasa halittu gida biyar, ya cire naman kaza da funfuna daga cikin tsirrai. A 1977 Carl Woese ya binciki ƙwayoyin gado, ya gano cewa abin da ake kira bakteriya jinsi biyu ne masu nisan asali. Saboda haka a 1990 ya kawo tsarin manyan rukunai uku.

Wannan ba gardamar suna kurum ba ce. An gane cewa funfuna ta fi kusa da dabbobi bisa ga tsirrai, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa samun maganin da zai kashe ta a jikin mutum ba tare da ya cuci majiyyaci ba yake da wuya. Haka nan mai neman inganta iri, sai ya san dangin shukarsa na daji kana ya san inda zai nemo juriyar fari ko ta cuta.

Ma'aunin nasaba ya haɗa waɗanda ido ya raba. 'Yar'uwar wel mafi kusa a doron ƙasa ita ce dorina. Kuka kuwa, duk girmanta, tun 1998 aka haɗa ta gida ɗaya da auduga da yakuwa da kuɓewa. Uwargidan da ta saba kaɗa miyar kuka da ta kuɓewa, ta ga yauƙinsu, ba lalle ta yi mamaki ba.